Karkataccen Shantalin Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana, mai sunan Baba.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ka Kano lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe. Na ba mahaifiyarka ita na ce ta sa maka a can ƙasan jaka, don kada ka gan ta sai ka isa gidan kawunka Sabi'u. Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san iyakata aji uku a firamare, kuma hannun da ya saba da yumɓu biro ba ya zama a cikinsa daidai. Kwana huɗu na yi ina rubuta ta, kullum bayan la'asar in na wanke hannu.

Ranar Talatar da ta wuce na hau keke bayan sallar asuba na tafi garin Balan in duba Inna a gidan Goggonka Rabi. Hantsi ya ɗaga na isa. Na jingine keken, na shiga zaure, sallama tana bakina ban kai ga yi ba na hango ta a tsakar gida. Tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugunno za ta yi alwalar walaha. Hannun daman nan yana kwance a cinyarta yadda yake tun da ciwon ya same ta. A gabanta akwai shantali, butar ƙasa, a ajiye a karkace. Sai na ga ta sa gwiwarta ta hagu ta ɗan tura shi. Ya sunkuya gaba, ruwa ya zubo siriri a kan hannunta mai lafiya. Ta janye gwiwar, ya ɗago da kansa ya koma yadda yake, kamar mai ɗagowa daga ruku'u. Ta wanke fuska, ta sake turawa, ta sake janyewa. Har ta gama alwalarta ba ta kira kowa ba.

Na gane shantalin. Yaya ba zan gane shi ba, ni da na ɗauke shi da hannuna na ɗora a kan tarin tsingaro a bayan gida?

Ka tuna ranar, na san ba ka manta ba. Mun buɗe matoya, inda muke gashi, da safe muna fitar da tukwane, Ɗan'azumi mai jaki yana tsaye yana jiran kaya, maƙwabcinmu Tanko ma yana nan. Na ɗago wani abu mai nauyi a gindi ta gefe ɗaya, bakinsa ɗan ƙarami, wuyansa a langaɓe. Na ajiye shi a ƙasa ya ƙi tsayuwa sosai. Na ce, "Wannan wa ya gina shi? Ko da ƙafa aka gina?" Suka yi dariya. Ka ce, "Ni ne." Na ce, "Shekara bakwai kana zaune kusa da ni, abin da ka koya ke nan?" Ka juya ka tafi. Ni kuma ban tambaye ka na mene ne ba, ban tambaye ka na wane ne ba. Tun daga ranar, wata biyar ke nan, ba ka sake sa hannu a yumɓu ba. Gona ka koma, ka yi noma kamar mai huce haushi a kan ƙasa, daga nan ka gaya wa mahaifiyarka kana so ka tafi Kano ka taya kawunka sayar da robobi.

Ba don in hana ka tafiya na rubuto ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kawunka kuma mutumin kirki ne. Abin da ke ci mini rai shi ne kada ka bar yumɓu har abada saboda maganar da na faɗa, alhali maganar ba gaskiya ba ce. In za ka bar shi, ka bar shi don ka sami abin da ya fi maka. Kada ka bar shi don ubanka ya ce ba ka da hannu.

Ni ba ni da abin da zan ba ka na guzuri sai kurakuraina. Bari in zazzage maka su, ka tsinci abin da zai yi maka amfani.

Lokacin da nake kamarka, ko ƙasa da haka kaɗan, ƙyalli nake so. Baba, Allah Ya ji ƙansa, randunansa ba su da wani kyan gani. Jikinsu kaushi-kaushi, in ka shafa kamar harshen saniya. Ni kuwa ina ganin na fi shi ido. Na tankaɗe yumɓu na cire duk wani yashi da ƙaiƙayi, na gina randa, na shafe ta da jar ƙasa, na zauna yini biyu ina goge ta da zaren 'ya'yan kuka har sai da nake ganin inuwar fuskata a jikinta. Da aka gasa ta, duk wanda ya wuce sai ya tsaya. Baba ya zagaya ta sau ɗaya ya ce, "Ta yi kyau. Kada a kai ta kasuwa. A kai ta ɗakinka, a ciki za ka riƙa shan ruwa." Na ɗauka girmama ni ya yi. Bazara ce a lokacin, irin wadda ƙadangare ma ke neman inuwa. Kowa a gidan yana ɗiban ruwa mai sanyi a randar Baba, ni kuwa in na sa moɗa a tawa sai in ji kamar ruwan wankan jego. Na toshe mata duk ƙofofin da za ta yi naso. Randar da ba ta yin gumi a waje ba ta sanyaya abin da ke cikinta. Na je na sami Baba na ce a bar ni in sha a ta tsakar gida. Ya ce, "A'a. Ka sha kyan." Sai da damina ta faɗi ya ɗage mini.

To ka ji. A Kano za ka ga abubuwa masu ƙyalli, da mutane masu ƙyalli. Ban ce duk mai ƙyalli banza ne ba. Amma kafin ka yaba, ka sa moɗa ka sha tukuna.

Ban daddara ba. Bayan wannan na shiga yayin dogon wuya. Na riƙa gina tuluna masu siririn wuya kamar na zalɓe, don in an jera su a kasuwar Ajingi nawa ne ake fara hangowa. Wata rana wata mata ta tsaya, babbar mace mai ƙiba, ta ɗauki ɗaya ta juya shi. Ta tura hannu a bakin, yatsu huɗu suka shiga, sauran ya ƙi. Ta dube ni ta ce, "Samari, kana da aure?" Na ce ba ni da shi. Ta ce, "Na ga alama. To in gansakuka ta kama cikin nan, wa zai shiga ya wanke? Ko tare da aljaninsa kake sayarwa?" Matan da ke wurin suka kwashe da dariya. Ta matsa gaba ta ɗauki na Baba mai faɗin baki, ta zura hannu har gwiwa ta shafo gindinsa, ta ce, "Yauwa, wannan maginin ya taɓa ganin mace tana aiki."

A hanyar komawa gida Baba ya gaya mini maganar da ya kamata a ce na riƙe ta fiye da kowace. Ya ce tukunya ba ta magini ba ce, aro ce a hannunsa, mai ita tana can tana jira. Ya ce kafin ka yanko yumɓu ka san wa zai ɗauke ta, da wane hannu, a ina za a girke ta, wa zai wanke ta. In ka san waɗannan, siffar za ta zo da kanta. Shi ya sa in ya je gidan mutane ba ya zama a zaure ya yi ta surutu. In tsohuwa ce ko 'yar'uwa, sai ka gan shi a bakin madafa yana kallon yadda take tuƙa tuwo, inda take dafe tukunyar da tsumma, inda muciya ke bugu. Wurin da muciya ke bugu nan yake ƙara wa kauri. Ba wanda zai gani da ido, sai dai a ce tukunyar Malam tana daɗewa.

Kuskure na uku shi ne wanda har yau in na tuna abinci ke fita raina. An haife ka a lokacin, kana rarrafe. Ka san da wuri aka yi mini aure, ina da shekara goma sha tara ka zo duniya, shi ya sa baƙi ke ɗauka wa da ƙani ne mu. Wata babbar tukunyar tuwo ta fito daga wuta da tsaga a gindi, siririya kamar gashi. Na ƙwanƙwasa ta da yatsa na ji muryar ta mutu. Ka san lafiyayyar tukunya amsawa take yi, ta yi ƙara mai tsawo, mai rauni kuwa sai ta ce maka "ƙwaf" ta yi shiru. Na ji, na sani. Amma na ga girmanta, na tuna wahalar da na sha a kanta. Sai na jiƙa ƙaro na kwaɓa da toka na cike tsagar, na bi da jar ƙasa. Ranar kasuwa wata dattijuwa ta zo neman tukunyar da za a yi tuwon suna, 'yarta ta haihu. Da ta kai hannu za ta ƙwanƙwasa sai na riga ta, na buga a kafaɗar tukunyar inda na san za ta amsa. Ta ɗora a ka ta tafi.

Kasuwa ta zagayo sai ga ta da ƙunshi a zane. Ta kwance a gabana, tsingaro ne. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗan nan, tambaya ɗaya na zo yi. Ka san da tsagar, ko ba ka sani ba?" Na ce ban sani ba. Ta ɗauki guda ta juya, ga layin ƙaron nan ya ƙone ya yi baƙi. Ta ce, "To wannan fa? Bishiyar ce ta tako da ƙafarta ta zuba?" Na sunkuyar da kai. Ta ce a kan murhu ta buɗe, talge yana tafasa, ya kwarara a ƙafar surukarta. Na ce ta zaɓi duk wadda take so a cikin kayana. Ta ce, "Ba tukunya na zo karɓa ba. Fuskar na zo in gani, don in gane ta." Ta bar mini tsingaron ta tafi. Ban san sunanta ba, ban san garinsu ba. Shekara goma sha shida ke nan ina duba fuskokin tsofaffi a kasuwa ko zan gan ta in nemi gafara, ban sake ganinta ba. Akwai wata mata a ƙasar nan da ke yawo da tabo a ƙafa, ni na sa mata shi.

Ɗana, ko roba za ka sayar, ko ƙasa, ko zinariya, in ka san aibin abu ka faɗa. In bokiti ya tsage a gindi ka nuna wa mai saye da yatsanka. In kawunka ba ya nan, kai ne shagon. Wanda ka rufe wa aibi ba a gabanka abin zai fashe ba, can zai fashe inda ba ka gani, a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Akwai kuma na gaggawa. Wannan ka sha jin labarinsa a bakin Tanko, don ba ya gajiya da ba da shi, amma bai san ƙarshensa ba. Matoyarmu ta gida uku ce, kowa ya kawo nasa a jera, a rufe da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu a sa wuta sau ɗaya. Ina da randa biyu da ba su gama bushewa ba. Waje ya yi fari, amma in ka kara kumatu a jiki za ka ji sanyi-sanyi, alamar akwai sauran ruwa a ciki. Ban so in jira wani gashin. Na saka su a tsakiya na rufe. Wuta na kamawa muka ji kamar an harba bindiga, sau biyu. Da aka buɗe, ba nawa kaɗai suka tafi ba. Sun tafi da tukwanen Baba, sun tafi da na gidan su Tanko, har da tandar wainar da aka yi wa wata mata alkawari. Ɗanyar tukunya ba ta mutuwa ita kaɗai, sai ta ja maƙwabtanta.

Baba bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya sa na kwashe tsingaron duka, ya ba ni turmi da taɓarya ya ce in daka. Kwana shida ina daka, mata suna leƙowa suna cewa, "Sannu da aiki, amarya." Da na gama ya auna garin ya zuba a sabon yumɓu, muka taka tare. Ya ce yumɓun da aka haɗa da dakakken tsingaro ya fi jure wuta, don abin da ya taɓa shiga wuta ba ya tsoronta. Tukwanen da muka gina da wannan haɗin har yanzu akwai ɗaya a madafar mahaifiyarka, wadda take dafa wake a ciki.

Saboda haka ka duba waɗanda za a jera ka da su a matoya ɗaya. Abokin da bai bushe ba, in ya tashi fashewa da kai zai tafi. Kai ma kada ka zama ɗanyen da zai ja wa kawunka asara a cikin mutanen da suka san shi da mutunci. In an ce ka jira, ka jira. In kuma ka yi ɓarna, kada ka ɓoye tsingaron, ka kawo shi fili a daka. Wannan takardar ma abin da nake yi ke nan.

Yanzu ga babban kuskuren, wanda ban san ina cikinsa ba sai ranar Talata.

Bayan duk waɗannan, tsoro ya shige ni. Na ga duk lokacin da na kauce wa yadda Baba ke yi sai na ji kunya. Da ya rasu sai na ɗaure wa kaina cewa ba zan ƙara ko rage komai ba. Faɗin bakin tulu, yadda ya bari. Tsayin randa, yadda ya bari. Tsohuwar tukunyar da muke kifewa mu barbaɗa toka mu gina gindi a kanta, tasa ce har yau. Mutane suna cewa Haladu ya gaji ubansa, ni kuma ina jin daɗi. Ashe siffar na riƙe, na saki dalilin. Baba bai taɓa cewa tulu sai mai faɗin baki ba. Cewa ya yi a dubi hannun mai ɗauka. Ni na daina duban hannu, na koma duban tukunya.

Ka duba fa. Inna uwata ce. Damina biyu ke nan da hannunta ya shanye. Duk wata sai na je, in kai mata gero, in kai mata magani, in zauna in tambaye ta jiki, sai watannin nan da aikin damina ya tsare ni. Sau nawa na ga Goggonka ta bar abin da take yi ta zo ta tsuguna tana zuba mata ruwan alwala? Na gani, na ce Allah Ya saka wa Rabi. Ban taɓa lura da fuskar Inna a lokacin ba, matar da ta yi shekara hamsin ba wanda ya taɓa miƙo mata ko moɗa. Ban taɓa tsayawa na ce, mai hannu ɗaya yaya zai riƙe buta kuma ya tara hannun da zai wanke ba. Ni da ake cewa ina da lura, har in gane yumɓun kududdufin gabas da na yamma da ɗanɗano. Kai ka je hutun sati ɗaya ka gani. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wannan karon yaron ne ya hango, babban yana tsaye a gindin rimin yana dariya.

Da ta shafa addu'a na yi sallama na shiga. Bayan mun gaisa na ce, "Inna, wannan shantalin fa?" Ta ce, "Angona ne ya kawo mini." Ka san yadda take kiranka. Ta ce a bayan keke ka kawo shi, naɗe a cikin buhu, ka zauna ka nuna mata inda za ta sa gwiwa, ka sa ta gwada har sau goma. Ta ce, "Ana cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. To ban sani ba ko jinka, amma alwala dai yana yi." Ta dube ni irin kallon da take yi mini tun ina ƙarami in na saci ƙuli-ƙuli, ta ce, "Ya ce mini kai ka koya masa. Haka ne?" Na ce, "A'a, Inna. Ni a kan juji na ɗora shi." Can ta ce, "Ubanka ma sai da ya shekara arba'in ya yi hankali. Kana da sauran huɗu."

Ka ga abin da ka yi? Na wulaƙanta ka a gaban mutane, ka je ka ce ni na koya maka.

Mu mutanen nan ba ma kiran sunan ɗan fari, ba ma yaba masa, ba ma zama mu yi hira da shi. Haka na taso na gani, haka na yi. Balle kai da kake ɗauke da sunan mahaifina. Amma a kan keke ina dawowa na yi ta juya abin. Kunyar da ta hana ni in ce maka sannu shekara goma sha bakwai, me ya sa ba ta hana ni kushe ka a gaban Ɗan'azumi ba? Wannan ba kunya ba ce. Na yi niyyar in faɗa maka da baki, sau biyu ina zuwa ƙofar ɗakinka, sai in tsaya in tambaye ka ko ka ba awaki ruwa. Shi ya sa na nemi biro. Ka yafe mini. Hannunka ya fi nawa, kuma idonka irin na mai sunanka ne.

Kada ka ɗauka daɗin baki nake yi maka, ga shaida. Da na dawo na zauna na ce bari in yi irinsa. Sau uku ina ginawa a cikin kwanakin nan. Na farko in an tura shi sai ya kife gaba ɗaya. Na biyu ya ƙi sunkuyawa sai an sa ƙarfi, tsohuwa ba za ta iya ba. Na uku yana sunkuyawa amma ba ya dawowa, sai ya tsaya a nan kamar jakin Ɗan'azumi. Tun suna ɗanye na gane ba su yi ba, na mayar da su cikin yumɓu. Ban san yadda ka raba nauyin gindin ba, ban san ko da ruwa a ciki ka auna ba. Mahaifiyarka ta ce ta sha ganinka a bayan rumbu kana cika wani abu da yashi kana turawa da gwiwa, ta ɗauka wasa kake yi.

Game da zamanka a can, ba ni da dogon bayani, don ban san birni ba sai wucewa. Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka bi kawunka, ka girmama matarsa, in an ci abinci ka ɗauke kwanonka. Kada ka raina robar da za ka sayar don kai ɗan magina ne. Na daɗe ina jin haushinta, amma na ga yadda bokitin roba ya sauƙaƙa wa mata wuya a hanyar rijiya, abin da ya sauƙaƙa wa mutum kuwa ba abin zagi ba ne. Ita ma randa ba ta mutu ba, ko masu firji in wuta ta ɗauke wurinta suke komawa. Kowanne da inda ya fi. Abin da nake so kawai, in kana zaune a shagon, ka ci gaba da kallon hannun mutane. Wanda ya ɗauki abu ya ajiye, ka lura me ya sa ya ajiye. Wannan kallon shi ne sana'ar, yumɓu bayansa yake bi.

In ka zazzage jakar za ka ga wani abu a ƙunshe cikin tsohon rawani. Dundungen Baba ne, wanda yake buga gindin tukunya da shi, wanda ban taɓa bari ka taɓa ba. Gefensa ya lotsa daidai babban yatsansa. Ban ce lallai ka yi aiki da shi ba. In ka ga dama ka ajiye shi a ƙarƙashin katifa. Amma na ji an ce a bakin wasu titunan Kano akwai masu gina tukwanen fulawa da kasko. In wata Juma'a ka wuce ka ji hannunka yana ƙaiƙayi, ka tsaya ka yi musu sallama.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ko da yake ita za ta raka ka tasha. Ƙannenka suna gaishe ka. Ka gaishe mini da kawunka da iyalinsa da kyau. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da abin da zai sa ka sunkuyar da kai a kasuwa. Allah Ya yi maka albarka, Ya dawo mana da kai lafiya.

Saura abu ɗaya. Na san halinka, za ka ce Baba ya faɗa ne don ya ga zan tafi. To ba ni kaɗai na gani ba. Ranar Talatar nan da Inna ke alwala, Goggonka Rabi tana bakin madafa tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, don ta ce wata huɗu ke nan rabon da a kira ta zuba ruwa. Malama Binta mai koyarwa a Islamiyyar unguwarsu ma tana nan, ta shigo aron rariya ta tsaya tana kallo har aka gama. Ita ce ta bi ni har zaure ta ce mahaifinta yana kwance da irin wannan ciwon, nasa na hagu ne, ko zan yi masa guda. Na ce mata ni ban iya ba, maginin zai yi tafiya, amma ina sa ran zai zo da Salla.

Yumɓun na jiƙa shi, na rufe da buhu a inuwar rumbu.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Haladu magini,
daga gida, kusa da Toranke.